Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Makarantun Sakandare Da Malaman Kimiyya Na Jihar Kano

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe, shugabanni da malamai,

Bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri, na rubuto muku ne a kan wani abu da yake hannunku kacokan, wanda gyaransa ba ya jiran kasafin kuɗi ko amincewar majalisa, wato makin nan 30 ko 40 da ɗalibi yake tarawa a cikin zango kafin ya zauna jarrabawar ƙarshe, wanda yara da iyaye suka fi sani da C.A. Ni uba ne mai 'ya'ya a ajin kimiyya, kuma ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne a asibiti, inda waɗanda suka fito daga hannunku suke zuwa mana sanin makamar aiki bayan sun shiga kwalejojin kiwon lafiya da jami'o'i. Ina ganin katin sakamako a gida, ina kuma ganin masu katin a wurin aiki. Abin da ya dame ni shi ne, makin da aka ware domin a auna ko yaro ya iya aikin kimiyya ya koma ladan kwafar rubutu da ɗaga hannu, har ta kai yaro yana iya cinye shi gaba ɗaya bai taɓa auna wani abu da hannunsa ba.

Kun fi ni sanin asalin wannan maki. Manufar Ilimi ta Ƙasa da aka fitar a 1977 ce ta kawo shi, aka soma aiki da shi tare da tsarin 6-3-3-4 a farkon shekarun 1980, bisa hujjar cewa bai dace a yanke wa yaro hukunci da jarrabawar yini ɗaya ba, domin zazzaɓi ko fargaba suna iya kayar da mai ƙoƙari, hadda ta dare ɗaya kuma tana iya ɗaga malalaci. An ce a riƙa duba abu uku a tsawon zango: abin da yaro ya sani, da ɗabi'arsa, da abin da hannunsa ya iya. Har yau kuma hukumomin WAEC da NECO suna karɓar wannan maki daga makarantu su haɗa shi cikin lissafin sakamakon ƙarshe, ke nan lambar da malami ya rubuta a SS1 tana bin ɗalibi har takardar da zai nemi jami'a da ita. Jihar nan kuwa ba baƙuwa ba ce a harkar. Makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da aka buɗe a 1977 sun yaye likitoci da injiniyoyin da Arewa take tinƙaho da su, kuma duk wanda ya zauna da tsofaffin ɗalibansu zai ji cewa da ɗakin gwaji suka fi tunawa.

To, yaya ake raba makin a yau? A makarantu da dama, na gwamnati da masu zaman kansu, ana ware wani kaso domin duba littafin rubutu: wanda ya kwafe duk abin da aka rubuta a allo, ko abin da monita ya rubuta a madadin malam, ya samu makinsa cikakke. Wani kason na tes ne, wanda tambayoyinsa ba sa wuce "kawo ma'anar kaza" da "lissafa kaza guda biyar". Ragowar na aikin gida ne da abin da ake kira furojet, wanda sau da yawa kwali ne da aka kai wa mai zane a bakin titi ya zana zuciya ko ƙwayar halitta, ko takardu da aka buga a shagon kwamfuta ba tare da yaron ya karanta su ba. Akwai kuma abubuwan da ake yi ba a faɗa a taron iyaye da malamai. Ana ba da maki ga wanda ya kawo tsintsiya ko alli ko sabulu, ana zaftare maki ga wanda ya makara ko ya yi surutu, sannan a wasu wuraren ana barin gurbin C.A. fayau har sai an gama makin jarrabawa, daga nan a dubi abin da yaro ya ci a cike masa gurbin da lambar da za ta dace. Ba na cewa kowane malami haka yake yi, domin na san masu tsoron Allah da suke kwana da littattafan yara, amma babu shugaban makarantar da zai ce bai taɓa jin labarin waɗannan ba.

Roƙona na farko mai sauƙi ne, kuma shi ne tushen sauran. A makon farko na kowane zango, malamin Fiziks ko Kemistiri ko Bayoloji ya rubuta wa ajinsa yadda za a tara makin: tes nawa za a yi kuma a wane mako, aikin gida nawa ne zai shiga lissafi, maki nawa aka ware wa aikin gwaji, me ake nufi da shiga cikin darasi, kuma me zai faru da wanda rashin lafiya ta hana shi tes ko ya kawo aiki a makare. Shugaban makaranta ya sa hannu, a liƙa a bangon aji, yara su kwafa a shafin farko na littafinsu domin iyaye su gani. Da zarar an rubuta doka, malami ya samu kariya daga uban da zai zo da fushi yana neman a ƙara wa ɗansa, ɗalibi kuma ya samu kariya daga malamin da zai yi masa hukunci da zuciya. Makara da surutu da ƙazanta laifuffuka ne, amma katin sakamako yana da gurbinsu na daban a ɓangaren ɗabi'a. Idan aka zaftare su daga makin Kemistiri, lambar da ta rage ba ta gaya wa kowa ko yaron ya san Kemistiri.

Batun da nake so in fi tsayawa a kai shi ne aikin gwaji, wanda kuke kira faraktikal. Ɗalibin makaranta da zai zauna WAEC ko NECO yana da takarda guda ta gwaji a kowane ɗaya daga cikin darussan uku. A Kemistiri za a ba shi buret da fifet, wato bututun gilashi na auna ruwa, ya ɗiga asid cikin wani ruwan sinadari har launi ya juya, ya rubuta abin da ya karanta da lamba biyu bayan ɗigo, ya maimaita har karatunsa ya yi kusa da juna, sannan ya fitar da matsakaici. A Fiziks za a sa shi auna lilon zare ko karkatar haske ko ƙarfin lantarki, ya cike tebur, ya zana giraf, ya faɗi matakan kiyayewar da ya ɗauka. A Bayoloji za a ajiye masa ganye ko ƙwaro ko ƙashi ya duba, ya zana, ya sa sunayen sassa. Duk waɗannan aikin hannu ne da ido, kuma hannu ba ya koyo da ji. Amma abin da aka saba shi ne a rufe ɗakin gwaji shekara biyu da rabi, sai hukumar jarrabawa ta aiko da jerin kayan da za a tanada, sannan a tara yara makonni kaɗan kafin ranar a nuna musu sau ɗaya daga nesa. Magabata sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Sakamakon haka muke gani a asibiti: matashi ya zo da A1 ko B2 a Kemistiri, a miƙa masa silinda, wato dogon gilashi mai zanen ma'auni, a ce ya auno ruwa, sai ya tsaya yana kallonsa daga sama, bai san ana daidaita ido da ƙasan lanƙwasar ruwan ba. Idan lambar da ya samu ta saɓa wa abin da yake tsammani, sai ya goge ta ya rubuta wadda ya haddace. Wannan ɗabi'a ta biyun ita ce take ba ni tsoro, domin a wurinmu lambar da aka gyara tana iya sa likita ya ba mara lafiya maganin da ba nasa ba.

Na san amsar da za a ba ni, cewa babu kaya, babu sinadarai, wani wurin ma babu ɗakin. Gaskiya ne, kuma nauyin samar da su yana kan gwamnati da masu makarantu. Sai dai da yawa daga cikin abin da ake so yaro ya koya, wato lura da aunawa da rubuta abin da ya gani da gaskiya, ana iya koyar da su da abin da yake kasuwar unguwa. Ruwan zoɓo da aka tace yana nuna asid da kishiyarsa: a ɗiga masa lemun tsami jansa ya ƙara haske, a zuba masa ruwan kanwa ko na toka ya rikiɗe zuwa kore mai duhu. Zare mai tsawon mita 1 da dutse a ƙarshensa yana ɗaukar kusan daƙiƙa 2 kafin ya je ya dawo, don haka lilo 20 zai ci kusan daƙiƙa 40. A canja dutsen da mai nauyi lokacin ba zai sauya ba, amma a rage zaren zuwa santimita 25 sai lokacin ya ragu da rabi. Yaron da ya gano wannan da agogon wayar malam ba zai manta shi ba. A yanka dankalin turawa biyu daidai, a sa ɗaya a ruwan gishiri ɗaya a ruwa zalla, kafin a tashi daga makaranta na gishirin ya yi laushi ɗayan kuma ya ƙara tauri, darasin ratsawar ruwa ta fatar ƙwayar halitta ke nan a tafin hannu. Kada kuma mu manta da marigayi Mohammed Bah Abba, malami daga Jigawa, wanda ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, mai sanyaya kayan lambu ta hanyar tashin tururin ruwa, dalilin da ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi. Ina roƙon a ware aƙalla kashi ɗaya cikin uku na makin C.A. ga irin wannan aiki, kuma a ba da makin a kan tsabtar tebur da rubuta ma'auni da bayanin yaro, ba a kan ko amsarsa ta yi daidai da ta littafi ba. Ɗalibin da ya rubuta daƙiƙa 43 ya kuma yi bayanin cewa iska ta kaɗa zaren ko ya makara wajen tsayar da agogo ya fi cancantar maki a kan wanda ya rubuta 40 bai taɓa zaren ba.

Idan an yi gwajin rukuni-rukuni, kamar yadda yawan yara zai tilasta, a raba aiki a kuma riƙa juya shi: mai riƙe kaya, mai karanta ma'auni, mai rubutawa, mai yi wa aji bayani. In ba haka ba, yaro ɗaya ne zai yi komai, tara su tsaya a bayansa, goma su raba maki daidai.

Sai aikin gida. Kafin malami ya ba da shi, ya kamata ya tuna gidan da yaron zai koma. Yawancin 'ya'yanmu daga boko Islamiyya suke wucewa ko makarantar allo, wasu su tafi shago ko gareji ko gona, 'yan mata kuma aikin tsakar gida yana jiransu, ga wutar lantarki da ba ta da tabbas. Aikin da aka ce sai an bincika a intanet jarrabawa ce ta wanda yayansa yake da waya da data. Yanzu kuwa da manhajojin da suke rubuta amsa cikin daƙiƙa suka shigo, mai waya ɗaya yana wadatar da aji guda, sauran su kwafa da safe a kan benci kafin a kaɗa ƙararrawa, kuskurensa ma da shi ake kwafa. Ba wa irin wannan aiki maki mai yawa koya wa yara satar amsa ne tun kafin su isa zauren jarrabawa, inda muke kukan maguɗi kowace shekara.

Akwai kuma lissafin da iyaye ba sa yi wa malami. Manufar ilimi ta ce ɗalibi 40 ga malami ɗaya a sakandare, amma a ce malami yana da azuzuwa 5 masu ɗalibi 80 kowanne, littafi 400 ke nan. Idan ya ba kowane littafi minti 3 kacal, aiki ɗaya zai ci masa awa 20. Wanda ya ba da aiki kowane mako a wannan hali, abin da zai iya shi ne sa hannu da jan biro ya rubuta "an gani", yaro kuma ya karɓi littafinsa bai san inda ya kuskure ba. Shawarata ita ce a rage yawan aikin, a kyautata shi. Tambaya uku ko huɗu sun isa, waɗanda za a iya amsawa da littafin aji da abin da yake cikin gida, ɗaya daga ciki ta zama ta lura da wani abu, kamar auna tsiron wake a gwangwani kowace safiya har mako guda, ko auna inuwar sanda da hantsi da azahar da la'asar. Washegari a yi gyaran a allo, yara su yi musayar littafi su duba wa juna, malam ya ɗauki guda goma ya duba da kansa, yana juya waɗanda yake ɗauka. Makin kuma ya fito daga gajeriyar tambaya ta minti 5 a farkon darasi, mai kama da ta aikin gidan amma an sauya lambobi. Wanda ya yi da kansa zai ci, wanda ya kwafa zai gane da wuri cewa kwafar ba ta biya shi ba. A kuma daina ba da rubutun shafuka a matsayin horo ana kiransa aikin gida, domin yana sa yaro ya ɗauki darasin kansa a matsayin azaba.

Game da shiga cikin darasi, yadda ake auna shi yanzu yana fifita mutum biyar ko shida na sahun gaba masu bakin Turanci. Mu kuwa mun yi wa 'ya'yanmu tarbiyyar kunya da kawaici, mun hana su ɗaga murya a gaban babba, musamman 'ya'ya mata, sai ga shi a aji ana rage musu maki saboda sun bi abin da muka koya musu. Akwai yarinyar da ta fahimci darasi sarai amma tsoron kada a yi mata dariya kan kuskuren nahawu ya hana ta magana. Idan har za a ba wannan ɓangare maki, to ya zama kaɗan, kuma a faɗaɗa ma'anarsa. Yin tambaya mai ma'ana ya shiga ciki, taimaka wa rukuni a wajen gwaji ya shiga, haka ma amsar da aka rubuta a guntuwar takarda aka miƙa kafin a fita. Malami ya riƙa zaɓo mai amsa daga rajista maimakon jiran masu ɗaga hannu, ya ba da ɗan lokacin tunani kafin ya kira suna, kuma amsar da ba daidai ba kada ta jawo bulala ko gori, domin ajin da ake dukan mai kuskure babu wanda zai sake gwadawa. Ina kuma ganin babu laifi a bar yaro ya fara bayyana abin da ya fahimta da Hausa, sannan malam da aji su taimaka a mayar da shi Turancin da za a rubuta a jarrabawa. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife tun daga 1970, inda aka koyar da yaran firamare da Yarabanci, ya nuna cewa harshen gida ba ya tauye fahimtar kimiyya. Na yarda cewa takardar WAEC da ta JAMB da Turanci suke zuwa, kuma ba na neman a yi sakaci da shi. Abin da nake nema shi ne malamin Fiziks ya bambance yaron da bai gane darasi ba da wanda ya gane amma kalma ta ƙwace masa, domin maganinsu ba ɗaya ba ne.

Ku shugabanni, akwai abin da malami ba zai iya ba sai da ku. Ku ne kuke tsara jadawali, don haka ku ne za ku haɗa wa darasin kimiyya lokaci biyu a jere sau ɗaya a mako, tunda ba a fito da kaya a yi gwaji a tattara cikin minti 40. Ku ne za ku karɓi takardar makin C.A. a tsakiyar zango ku sa mata hannu, yadda ba za a iya ƙirƙiro ta bayan jarrabawa ba, kuma yara su ga makinsu tun da sauran lokacin gyara. Ku ne kuma za ku daina matsa wa malami ya ɗaga makin waɗanda suka faɗi domin sunan makaranta ko domin kada iyaye su cire 'ya'yansu, abin da ya fi yawa a makarantun kuɗi. Yaron da aka yi ta yi wa ciko daga SS1 zai haɗu da gaskiya a jarrabawar tantancewa ta jiha ko a gaban kwamfutar JAMB, a lokacin da babu sauran damar taimaka masa. Tunda gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, wannan lokaci ne da ya dace ku gabatar wa ma'aikata buƙatunku a rubuce, makaranta-makaranta: buret nawa ake da shi, ma'aunin zafi nawa, ɗalibi nawa, da kuma mataimakin ɗakin gwaji inda babu. Ƙungiyar Malaman Kimiyya ta Najeriya, STAN, wadda take aiki tun 1957, tana da dogon tarihi wajen horar da malamai kan haɗa kayan gwaji da abin da ake da shi a kusa, kuma ya kamata a riƙa sakin malamai su halarci tarukanta.

Mu iyaye ma akwai namu. A taron iyaye da malamai mai zuwa ina ba da shawarar a karanta mana dokar raba makin, mu ɗauki alkawarin ware wa yara lokacin aikin gida ko da rabin awa ne bayan magariba, mu daina biyan mai zane kuɗin furojet, mu kuma daina zuwa ofis neman alfarmar maki. Kuɗin da ƙungiyar take tarawa a ware wani abu daga ciki a sayi rula da zare da batir da ma'aunin zafi, a ajiye su a hannun shugaban sashen kimiyya da rajistar wanda ya ɗauka. Ina fatan takardar raba makin za ta kasance a bangon kowane ajin kimiyya kafin ƙarshen mako na biyu na zango mai zuwa.

Allah ya ƙara muku haƙuri da lafiya, ya saka muku da alheri.

Wassalam.

Naku,
Wani uba, ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje na asibiti,
Kano.